Baba, a dakata da rushe zauren Kaka

Nardo, kudancin Italiya
Lahadi, 12 ga Oktoba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Baba, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da dukan mutanen gida. Yaya ƙafar taka? Auta ya ce tun da damina ta ja baya ciwon gwiwar ya lafa, har kana takawa zuwa masallacin Juma'a. Allah ya ƙara sauƙi, ya ƙara maka tsawon rai. Ni ma lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi.

Na san za ka yi mamakin ganin doguwar takarda maimakon kiran da muka saba. A waya, gaisuwa kan cinye rabin lokaci, sauran kuma layi ya yi ta yankewa, alhali maganar da ke raina tana bukatar zama. Auta, kai ne mai karantawa. Ka karanta a tsanake, kada ka tsallake ko layi ɗaya, kuma ka bari sai Yaya yana wurin.

Makon jiya Yaya ya kira ni ya ce an tsai da shawara: kuɗin da na turo na aikin bana za a sa a rushe zauren Kaka, a ja shaguna uku na bulo a wurin, a zuba 'yan haya. Na ce masa to, Allah ya sa alheri. Ban ko tambaya ko ka amince har zuciya ba. Daga baya Inna ta gaya mini cewa ranar da aka yi maganar ba ka ce uffan ba, tashi ka yi ka shiga zauren ka zauna har la'asar. Wannan ya tsaya mini a rai, amma ban sauya magana ba sai jiya Asabar, da na je wani birni da ake kira Lecce. Labarin jiyan zan ba ka, sannan in yi roƙo.

Bari in fara da aiki, don na san shi Inna za ta fara tambaya. Kakar kankana ta wuce tun ƙarshen Agusta. Da kankana aka san garin nan na Nardo, kuma duk shekara daga watan Yuni leburori ke cika shi, 'yan Sudan, 'yan Tunisiya, 'yan Ghana, 'yan Mali, da irinmu. Aiki ne na jefawa da cafewa, a jeru mutum shida ko bakwai, kankana na tafiya hannu zuwa hannu har cikin mota. A ranakun tsananin zafi doka ta hana aikin gona daga 12:30 zuwa ƙarfe 4 na yamma, kuma sai da rana ta kashe mutane a gonaki aka kafa ta. Waɗanda suka riga mu zuwa har yanzu suna ba da labarin yajin aikin 2011, wanda wani ɗalibi ɗan Kamaru, Yvan Sagnet, ya jagoranta a nan Nardo saboda zaluncin dillalan leburori da ake kira kaforali. A 2016 aka yi dokar da ta tsananta hukunci a kansu. Ba a ce abin ya ƙare ba, amma ni bana da kwantiragi na yi aiki, ta banki aka biya ni, takardar zamana kuma tana nan da ranta. Inna ta kwantar da hankalinta.

Abokin ɗakina, ɗan Damagaram ɗin nan da kuka gaisa da Babbar Sallah, shi ya matsa mini. Ya ce shekara uku kana ƙasar nan, ba ka san komai a Lecce ba sai tashar jirgi da layin karɓar takarda, kai da kake cewa ɗan magini ne. Muka shiga ƙaramin jirgin ƙasa da safe. Tafiyar ba ta wuce kilomita 25 ba, amma abin da ake gani ta taga yana karya zuciya. Gonakin zaitun ne hagu da dama, itatuwa masu kaurin kuka, waɗansu sun shekara ɗaruruwa, duk sun bushe ƙayau sun yi fari kamar an zuba musu toka. Wata cuta ce mai suna Xylella, wadda aka gano a 2013 kusa da garin Gallipoli. Wani ɗan ƙwaro ke ɗaukar ta daga itace zuwa itace, ta toshe hanyar da ruwa ke bi a jikinsa, ya mutu a tsaye. Miliyoyin itatuwa sun tafi. Wata tsohuwa da ke zaune kusa da mu ta kau da kai daga tagar har muka iso. Na fahimce ta, domin mai gonar da nake wa aiki ya taɓa nuna mini kututturen da kakan kakansa ya shuka, hawaye na zubo masa.

Lecce birni ne mai mutum kusan 95,000. Da can ganuwa ta kewaye shi kamar Zariya, yanzu ƙofofi uku suka rage a tsaye: Porta Napoli, wadda aka gina a 1548 don girmama Sarki Carlo na Biyar, da Porta San Biagio, da Porta Rudiae wadda muka shiga ta cikinta. Ina ratsa ƙofar nan na tuna Ƙofar Doka. Daga waje titi ne da motoci da benaye irin na ko'ina. Kana sa ƙafa ciki sai hayaniya ta ɗauke, lunguna su tsuke, inuwa ta sauko, komai ya koma launi ɗaya, tsakanin ruwan madara da ruwan zuma.

Launin na dutsen ne, kuma labarin dutsen nan shi na fi so ka ji. Duk tsohon garin da shi aka gina, suna ce masa dutsen Lecce, ana haƙo shi a wuraren Cursi da Melpignano, kudu da birnin. A ƙarƙashin teku Allah ya halicce shi tun kafin ruwa ya janye, shi ya sa in ka duba bango da kyau kakan ga ɓawon ƙananan katantanwa a cikinsa. Abin mamakinsa taushi. Sabon haƙowa ana yanka shi da zarto kamar katako, ana goge shi da magagari, sai ya sha iska sannan ya yi ƙarfi. Mun tsaya a shagon wani dattijo mai sassaƙa a wani lungu, yana fitar da ganye a jikin dutse, farar ƙura ta rufe masa gira. Ya ga na daɗe a tsaye, ya ce in matso. Da ɗan Italiyancin da nake ji na gaya masa mahaifina magini ne, kakana ma magini. Bai ce komai ba, ya miƙo mini guntun dutse da ƙarfen sassaƙa. Baba, hannuna ne ya tuna abin da kaina ya manta. Na zana masa dagi, irin wanda kake yi a saman ƙofa tun yaɓe bai bushe ba, na bi layin na rarake. Ya juya shi sama da ƙasa, yana bin zaren da yatsa don ya ga inda ya fara da inda ya ƙare, bai samu ba. Ya tambaye ni wa ya koya mini. Na ce babana. Ya ce in gaishe ka, ga gaisuwar na isar.

Shi ya gaya mini cewa taushin nan shi ne kuma cutar dutsen. Yana shan ruwa, iska mai gishiri tana cin sa har ya yi ramuka kamar saƙar zuma. Ya ce magabatansu da madara suke jiƙa shi don ta toshe ƙofofin da ruwa ke shiga. Nan take na tuna makuba, da yadda kake sa mu jiƙa ɓawon ɗorawa kwana da kwanaki kafin a kwaɓa, da katsin da ake ɗebowa daga marina don laso. Ashe damuwar magini ɗaya ce ko'ina: yadda za a hana ruwa shiga bango. Ya ce babu shekarar da za ka zo Lecce ba ka ga katakan gyara a jikin wani gini ba, ana gama wannan a koma wancan, kuma ba wanda ke ganin haka a matsayin aibi.

Salon ginin suna kiransa baroko. A ƙarni na 17 ya yi tashe. Lokacin kudancin Italiya na ƙarƙashin sarautar Sifen, cocin Katolika kuma tana fama da waɗanda suka ɓalle daga gare ta a arewacin Turai, sai shugabanninta suka ga ya kamata wurin ibada ya cika ido, ya girgiza zuciyar talaka tun daga bakin ƙofa. A wasu biranen da marmara da zinariya aka yi. A nan dutse mai taushi suke da shi da hannu mai kyau, sai suka zuba ado a bango har babu masakar tsinke.

Muna tafiya a titin Libertini, ba zato sai wata 'yar kafa ta buɗe a hannun dama, muka faɗa wani fili mai faɗi wanda gine-gine suka rufe ta kowane gefe. Mashiga ɗaya gare shi, kamar gidan sarauta da sai ka bi ta zaure. Nan ne babban cocin garin yake, da gidan bishop, da makarantar horar da limamansu mai rijiya a tsakar gida, an yi wa bakin rijiyar ado da 'ya'yan itatuwa na dutse. Cocin tun 1144 yake, amma wani magini mai suna Giuseppe Zimbalo ya sake gina shi daga 1659 zuwa 1670. Ya lura cewa mai shigowa filin gefen ginin yake fara gani, ba gabansa ba, sai ya ɗauki adon duka ya zuba a gefen, ya bar ainihin gaban da sauƙi. Na ce wannan mutum ya san abin da kake faɗa mana, cewa fuskar gida tana inda baƙo zai ɓullo.

Shi ne kuma ya gina hasumiyar da ke kusa, hawa biyar, kowane hawa ya fi na ƙasansa tsukewa, tsayinta kimanin mita 70. Daga 1661 zuwa 1682 aka yi ana aikinta. Yanzu an sa na'urar hawa a ciki, muka biya muka hau. Daga sama rufin gidajen shimfiɗaɗɗu ne kamar sorayenmu, ga teku can gabas tana ƙyalli, an ce ranar da sama ta washe har duwatsun Albaniya ana hangowa. Abokina yana ta ɗaukar hoto, ni kuwa zauren Kaka nake gani a raina, da zankwayensa huɗu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Sai da na hau abin da ya fi duk rimin Zariya tsawo, a ƙasar wasu, kafin na fara hango abin da ka gani kana zaune a kan buzunka.

Daga nan muka gangara dandalin Sant'Oronzo, cibiyar garin. A tsakiyarsa ƙasa ta buɗe, ga wani filin kallo na Rumawa mai kujerun dutse a zagaye, ya kusa shekara 2,000. Ya daɗe a binne, mutane suna gini da kasuwa a kansa ba su sani ba, sai a 1901 ana haƙa harsashin wani banki aka ci karo da shi. Ba su cike ramin sun ci gaba da harkarsu ba. Sun tone abin da zai tonu, sauran yana nan ƙarƙashin gine-gine. A gefe akwai dogon ginshiƙi da aka yi da guntayen wani tsohon ginshiƙin Rumawa na garin Brindisi, inda babbar hanyar da ta taso daga Rum ta ƙare. Sun kafa shi ne don godiya bayan annobar 1656, wadda ta yi ɓarna a masarautar Napoli amma ta tsallake Lecce.

A nan muka ci abinci. Inna, kada ki damu, ina kiyayewa. Akwai wani ɗan kek da garin ke alfahari da shi, pasticciotto, kowa na cewa sai ka ɗanɗana, amma asalinsa da kitsen alade ake kwaɓa shi, don haka na tambaya, da aka tabbatar mini na bar shi. Muka ci wani abinci da suke kira ciceri e tria: taliya ce ta gida da wani wake mai kama da gurjiya, an dafa rabin taliyar an soya rabi, babu nama ko kaɗan, sai man zaitun. An ce kalmar tria daga Larabci ta samo asali. Muka kora da kofi mai ƙanƙara da madarar wani ƙwallo mai zaƙi, wadda ta tuna mini da kunun ayarki.

Sai cocin Santa Croce. Baba, gani ya kori ji, amma zan ƙoƙarta. Lungu ne siriri ke kai ka, ba ka da inda za ka ja baya ka kalle shi daga nesa, sai dai ka ɗaga kai har hularka ta nemi faɗuwa. An fara ginin a 1549, ba a gama ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 17. Magini ya mutu, wani ya ɗora. Gabriele Riccardi ya yi ƙasan, Francesco Antonio Zimbalo ya yi ƙofofi a 1606, Cesare Penna ya yi saman, sannan Giuseppe Zimbalo, daga dangin Francesco Antonio, ya rufe. Kana iya ganin inda hannu ya sauya, don ƙasan a natse yake, saman kuwa kamar tukunya ta tafasa. Akwai wata babbar taga mai zagaye kamar faifai, an kewaye ta da zobe a kan zobe na ganye da furanni da 'ya'yan itace, ga rumman, ga inabi, kowane ƙwaya an fitar da shi daban. Na san hukuncin siffofi a addininmu, kuma ban je don girmama su ba. Da idon ɗan magini na kalla, kuma idon ya ga aikin mutanen da ba su ha'inci sana'arsu ba, domin har can ƙololuwa inda ba mai gani sai tantabara, sassaƙar ba ta ragu ba.

Amma abin da ya tsayar da ni yana tsakiyar ginin. Akwai baranda da ta ratsa fuskar daga gefe zuwa gefe, kuma ba ginshiƙai ke riƙe da ita ba, siffofi ne 13 a jere. Waɗansu dabbobi ne, zaki, da dodo mai fikafikai, da wata mai kan gaggafa. Waɗansu kuwa mutane ne a durƙushe, barandar a kan wuyansu, hannuwa a gwiwa, fuska a murtuke don nauyi. Na ga mai rawani a cikinsu. Wata mai yi wa baƙi bayani tana kusa da mu, na kasa kunne. Ta ce masana da yawa suna ganin fursunonin Turkawa ne, waɗanda aka kama a yaƙin teku na Lepanto a 1571, inda rundunar ƙasashen Kirista ta ci ta Daular Usmaniyya, dabbobin kuma alamun ƙasashen da suka yi nasara ne.

Raina ya sosu, ba zan ɓoye maka ba. Musulmi ne aka sassaƙa a ƙasƙance, shekara ɗaruruwa suna ɗauke da kayan wasu. Amma gaskiya ɗaya ce, dole in faɗi ɗaya gefen. A 1480 rundunar Usmaniyya ta ci garin Otranto, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga nan, aka kashe mutanen garin kimanin 800 bayan an ci su, har yau ƙasusuwansu na cikin cocin garin. Tsoron wannan rana ne ya sa aka ƙarfafa ganuwar Lecce da babbar tungarta. Kowane ɓangare yana da gawarsa da yake kuka a kai. Na tsaya ina yi wa duka matattun tunani, na ce Allah shi ne mai hukunci.

Da na ƙara duban mutanen nan na dutse, sai na daina ganin Turkawa. Wuyansu na gani. Na san wannan lanƙwasar, na gan ta a jikin abokan aikina da yamma in an gama lodin kankana, na gan ta a jikinka lokacin da kake hawa tsani da tubali a kafaɗa. Dukiyar da ta gina wuraren nan, da yawanta daga man zaitun ta fito. Daga tashar Gallipoli ake lodin man fitila zuwa manyan biranen Turai, kuma a ƙarƙashin ƙasa ake matse shi, cikin ramukan da aka fafe a dutse, inda leburori da dabbobinsu ke shafe watanni ba su fito ba. Babu sunan ko ɗaya daga cikinsu a bango. Na ce a raina, wanda ya sassaƙa wuyan nan ya san nauyi, ko shi ya ɗauka ko ubansa. An sa shi ya nuna ƙasƙancin abokan gaba, amma duk mai ido zai ga cewa in mutanen nan suka miƙe, barandar da duk abin da ke samanta ƙasa za su yo.

Lokacin azahar ya yi, muka shiga lambun gwamnati da ke bayan ginin, muka yi alwala a famfo, muka shimfiɗa rigunanmu a ƙarƙashin wata bishiya muka yi salla. Babu wanda ya tsangwame mu. Wani tsoho da ke kan benci ma janye karensa ya yi don ya ba mu wuri. Na yi maka addu'a, na yi wa Kaka.

Kafin mu koma tasha mun leƙa cocin Santa Chiara, don abokina ya ce sai na ga rufinta. Na ɗaga kai na ce katako ne mai tsada. Ashe takarda ce. Sana'a ce da garin ya shahara da ita tun ƙarni na 17 zuwa na 18: a ɗaure kara da waya, a lulluɓe da takarda da ƙullun fulawa, a goge da ƙarfe mai zafi, a shafa fenti. Rashin kuɗin katako da marmara ya haife ta, yau kuwa har gidan tarihi aka yi mata a cikin tungar garin, baƙi suna saye suna kaiwa ƙasashensu.

To Baba, ga roƙon.

Ranar da zan bar gida ka ce in tsaya in ƙarasa koyon sana'a, na ce maka aikin laka ya mutu, zamanin siminti ne. A gaban Inna na faɗa, a gaban ƙannena. Ba ka amsa ba. Shekara biyar ke nan maganar tana ci na, ban taɓa neman gafara ba. Ka yafe mini don Allah. Jiya na ga gari guda da ke ci da sha daga aikin kakanninsa magina. Mai otal, mai kofi, direban tasi, dattijon nan mai ƙura a gira, duk albarkacin bangon da ba a rushe ba suke ci. Mutane suna tasowa daga Amurka da Jamus da Japan don su tsaya a lungu su ɗaga kai. Mu ma muna da Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'ar Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da laka da azara kawai ya ɗaure bakan gizon da har Turawa masana gini suke zuwa aunawa. Kai ka kai ni ina yaro ka nuna mini abin da ya rage na aikinsa a cikin sabon ginin da aka lulluɓe shi da shi, ka ce in duba da kyau. Zauren Kaka ba masallacin Juma'a ba ne, amma ɗaurin gugansa daga wannan makaranta ya fito, kuma a unguwarmu kaf shi kaɗai ya rage.

Yaya, ka yi haƙuri, ba raina shawararka na yi ba. Kai ke ɗauke da gidan, kai ka san kuɗin makarantar yara da na maganin Baba, kuma gaskiyarka ce cewa ginin ƙasa duk shekara sai ya ci kuɗi, haya kuwa kawowa take yi. Ban ce baƙi za su zo kallon zaurenmu su biya ba, wannan ba alkawarin da zan iya yi ba ne. Abin da nake cewa, a ja shaguna biyu a jikin katangar gabas, inda tsohon garken awaki yake, su ma suna fuskantar hanya. Kuɗin da na turo zai isa wannan. Hayar shago na uku da za a rasa, ni zan riƙa cikawa duk wata. Na gyaran zauren kuma daban zan turo a ƙarshen Nuwamba in Allah ya yarda, domin na samu ƙarin aiki: mai gonarmu ya ga yadda na gyara masa wata katangar dutse da ta zube, irin tasu da ake jerawa ba laka ba siminti, ya ce duk hunturun nan ni zan bi sauran katangun gonar.

Baba, kai za ka tsaya a kan aikin, ko daga kan kujera ne. A duba azarar kusurwar arewa da Inna ta ce tana yoyo, a sauya indararo, a yi yaɓe da makuba yadda aka saba. Don Allah kada a shafa masa siminti, kai ka koya mini cewa siminti a kan laka riƙe damshi yake yi har bango ya ruɓe daga ciki. In akwai sauran abokan aikinka na da masu ƙarfi a jika, a kira su a biya su hakkinsu cikakke. Auta, ka ajiye ƙwallo na sati biyu ka zama ɗan kwaɓa, ka ɗauki bidiyon komai da waya, musamman lokacin da Baba zai sabunta zanen saman ƙofa. Ina so in kai wa dattijon nan ya gani, na yi masa alkawari. In ka yi, rigar ƙungiyar Lecce mai ruwan ɗorawa da ja tana nan na saya maka, ƙungiyar da Patrick Dorgu ya bari ya koma Manchester United.

Idan kuma bayan duk wannan kai da kanka ka ga rushewar ce alheri, Baba, maganarka ce a sama, ba zan ƙara cewa komai ba. Amma ina so in ji daga bakinka. Zan kira ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

A gaishe da Inna da kyau, a ce mata yajin da ta aiko ya iso kuma har 'yan Sudan sun san daɗinsa. A gaishe da Goggo, da Kawu da iyalinsa, da matar Yaya da yara, da liman da mutanen zaure na bayan magariba. Guntun dutsen da na yi wa dagi yana wurina, zan ba wani ɗan Kano da zai taho gida a watan Disamba ya kawo maka.

Wassalam.

Ɗanka mai neman albarkarka.